Kwaɗo a Ƙofar Raine

Litinin, 6 ga Maris

An ɗaure ƙofar gonar Raine da sarƙa, an danna kwaɗo. Sabo fil, har yana ƙyalli. Na tsaya ina kallonsa kamar zai ji kunya ya buɗe kansa. Shekara talatin da ɗaya ina bin turbar nan, ko igiya ban taɓa gani a ƙofar ba.

Na juyo gida da fulas ɗin miya a jaka. Na buga waya gidan kula da tsofaffi na ce yau ba zan samu zuwa ba, su gwada ba mijina Clifford abinci da kansu. Wadda ta ɗauka ta ce kada in damu. Sun iya faɗin wannan.

Bari in rubuta abin don in gan shi a fili. Daga ƙofata a nan Askerby zuwa bakin gadon mijina a Hindthorpe, in na ratsa gonar Raine, minti arba'in ne, har da ɗingishin gwiwata. Ta titi mil biyar ne, babu gefen da mutum zai raɓa, ga motocin madara. Bas kuwa Talata da Asabar kawai, shi ma sai ƙarfe biyu yake isa, an riga an kwashe kwanuka. Clifford tun da kansa ya rikice ba ya buɗe wa cokalin kowa baki sai nawa. Sunana ya ɓace masa tun bara, amma hannuna bai ɓace masa ba. Ƙarfe goma sha biyu suke cin abinci.

Talata, 7 ga Maris

Bas. Jiya cokali uku ya ci, in ji su. Na ba shi biskit da shayi, ya ci don ni.

Alhamis, 9 ga Maris

Audrey maƙwabciyata ta kawo labarin, kamar kullum, tun kafin ta cire takalmi. Ranar Asabar wasu baƙi 'yan yawon ƙafa sun bi turbar da kare, suka sake shi a cikin tumaki masu ciki. Biyu sun mutu nan take, saura kuma suna ta ɓari. Gillian, 'yar marigayi Raine, wadda gonar take hannunta tun rasuwarsa, ita ta sa kwaɗon da hannunta.

Na ji tausayin tumakin, ba zan ce ban ji ba. Amma ni ko kyanwa ba ni da ita.

Da rana sai ga Desmond Pickard, sakataren ƙungiyarmu ta masu tattaki, da taswira a hammata. Desmond ya yi shekara talatin yana buga hatimi a ofis, har yau in zai sha ruwa sai ya duba ƙa'ida. Ya shimfiɗa taswirar hukuma a teburina, ya ture mini kwanon sukari, ya nuna mini cewa turbar ba ta ciki. Sauran turbobin garin duk ga su nan da koren layi, kowa yana da haƙƙin bi, ko mai gona ya so ko ya ƙi. Tamu babu. Ashe duk shekarun nan a kan abin da babu shi nake tafiya.

Amma ya ce akwai mafita. In jama'a suka nuna sun yi shekara ashirin suna bin hanya ba yankewa, dole a sa ta a taswira. Ya ɗaga yatsu uku a gaban hancina: ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izinin mai gona ba. Na ce masa ni ba ɓarauniya ba ce da zan yi ta a ɓoye. Na ukun ban ma saurara ba, ina ta duban kada ya zubar mini da sukari.

Laraba, 15 ga Maris

Taro a ɗakin taron gari. Mutum ashirin da uku, da yawansu biskit ya kawo su. Desmond ya raba takardun shaida, kowa zai rubuta shekarun da ya yi yana bin turbar. Ya ce ni, Thelma Oddie, ni ce gaba, don babu mai shekaruna a kanta. Ya ce shari'ar irin wannan takan ja shekara biyu, amma in Gillian ta ga tulin takardu da shaida irin tawa a sama, za ta cire kwaɗon kafin a kai ga lauya. Manoma ba sa son lauya.

Wani ya ce me zai hana a je a yi mata magana ta lalama tukuna. Nan na miƙe. Ban san bakina yana da wannan kaifin ba. Na ce turba ta gari ce, ƙafafunmu ne suka yi ta, kuma ni ba zan je in durƙusa wa yarinyar da na sani tun tana majina ba, in roƙi abin da yake haƙƙinmu. Aka yi tafi. Audrey har da buga sanda a ƙasa.

Na ji daɗin tafin, gaskiya. Rabon da a tafa mini tun ina makaranta.

Gillian ba ta zo ba. An ce tumakinta sun fara haihuwa.

Juma'a, 17 ga Maris

Na zauna cike takardar da safe, da shayi da tabarau. Suna, shekaru, sau nawa a mako, da ƙafa ko a kan doki. A kan doki! Duk na wuce su kamar shan ruwa.

Sai tambaya ta tara. Kin taɓa neman izinin mai gona, ko ya taɓa ba ki?

Na ajiye alƙalami.

Watan da muka taso daga Bradford ne. Na hango turbar ta tagar kicin, duk ciyawa ta rufe ta, ba mai bi sai tumaki. Mahaifiyata ba ta yi mini tarbiyyar taka ƙasar mutum ba sallama ba. Na sa rigata mai kyau, na je na ƙwanƙwasa wa Mista Raine ƙofa. Ya fito yana taunar burodi, ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce, “Ki bi, 'yar nan. Ke da duk wanda ya iya rufe ƙofa a garin nan.” Ran Lahadi na tsaya a bakin coci ina gaya wa kowa, ina jin kaina kamar na ciyo wa gari gasa. Daga nan mutane suka fara bi. Kowace Kirsimeti kuma sai na kai masa kwalbar zuma daga amyar Clifford, don godiya.

Waɗanda suka ji ni a bakin cocin duk sun mutu ko sun tashi. Su Desmond daga baya suka zo, suka tarar da turba a buɗe, suka ɗauka tun fil azal haka take.

Shayin ya huce ban sha ba.

Asabar, 18 ga Maris

Wandon Clifford ya fara yi masa yawa. Na ƙara wa bel ɗinsa huda da almakashin ma'aikaciya.

Litinin, 20 ga Maris

Na kira Desmond ya zo gida, na gaya masa. Ya ajiye kofi a hankali kamar ƙwai.

“Wa ya ji lokacin da tsohon ya faɗa?”

Na ce ni da Clifford, yana tsaye a bayana.

“To.” Na gane. Shaidana ɗaya ne a duniya, kuma shekaranjiya ya ɗauka ni ce mai gyaran gado.

Ya ce hirar bakin ƙofa ce, ba izini ba, in rubuta a'a in huta. Na ce izini na je nema, izini kuma aka ba ni, har da na gari. Ya ce wannan “har da na gari” shi ne zai kashe mu. In lauya ya kama kalmar, takardu ashirin da uku sun zama na hura wuta, don abin da aka ba ka aro ba ya zama naka ko shekara ɗari ka yi da shi. Sai ya sauke murya ya ce, “Thelma, ba don ni ba. Kina so ki isa wurin mutumin nan da sha biyu ko ba kya so?”

Na tsani Desmond in yana da gaskiya. Sanƙon kansa har ƙara sheƙi yake yi.

Da zai fita ya ce in ba zan iya ba, to in bar takardar a aljihun tebur, kada in cike ta sam.

Laraba, 22 ga Maris

Na gwada titi. Na fita tara da rabi da rigar ruwa mai launin rawaya don a gan ni. Mil biyu na farko lafiya. A kwanar gada motar madara ta taho, na manne da shinge, ƙaya ta shiga mini har wuya, iskar motar ta cire mini hula. Direban ya ɗaga mini hannu, wai gaisuwa. Daga nan gwiwa ta ce ita ta gama. Na dinga tafiya ina zama a kan katangar dutse, ina tafiya ina zama.

Ɗaya da kwata na isa. Kwanonsa yana kan tire an rufe da faranti, ba a taɓa ba. Na ce a ɗumama. Ya ci rabi, sannan ya kawar da kai, lokacin barcinsa ya yi.

Na tambaye shi ko ya tuna Mista Raine. Ya dube ni da kyau, har na sa rai, sai ya ce akwai ganye a gashina. Da gaske akwai.

Mai kai wasiƙu ne ya rage mini hanya zuwa gida, ya ce kada in gaya wa kowa.

Alhamis, 23 ga Maris

Ban iya sauka daga bene ba sai da rana. Titi ya fita daga lissafi.

Lahadi, 26 ga Maris

Bayan coci ƙafata ta kai ni ƙofar Raine, ban aike ta ba. Na tsaya ina auna katangar da ido. Da ina da shekara hamsin da tuni na haye. Amma hayewa ita ce “da ƙarfi” na Desmond, kuma in na faɗi a can sai hankaka ya fara sanin labari.

Ina nan sai ga Gillian a kan babur ɗinta mai ƙafa huɗu, da buhun abincin dabbobi a ɗaure a baya. Ƙafafu ƙanana biyu sun leƙo ta bakin buhun. Fuskarta duk ta faɗa, idanu sun yi zuru-zuru. Ta kashe injin.

“Ina wuni, Misis Oddie.”

Na amsa a daƙile. Ta ga inda nake kallo, ta ce 'ya'yan tumaki sha ɗaya ke nan suka mutu tun ranar karen. Na ce ba ni na sake shi ba.

“Na sani,” in ji ta. “An gaya mini abin da kika faɗa a taro. Har majinar an gaya mini.”

Ta tayar da babur ta wuce. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ta zage ni da na dawo gida da ƙarfina.

Talata, 28 ga Maris

Jiya na rubuta a'a da fensir, na bar takardar a kan tebur. Duk inda na juya a kicin sai in ji kamar tana bina da kallo. Yau da safe na goge.

Ba don ni mutuniyar kirki ba ce. Na sha yin ƙarya a rayuwata, har wa likita. Amma wannan a'a ɗin ma'anarta ita ce mutumin nan bai taɓa yi mini alheri ba, ban taɓa tsayawa a ƙofarsa ba, bai ce ki bi, 'yar nan ba. Ya faɗa. Shi ya mutu, Clifford ya manta, in ni ma na goge to shi ke nan ba a taɓa yi ba. Kuma a rubuta hakan don a ƙwace daga hannun 'yarsa.

Aljihun tebur ma na yi tunaninsa. Shirun nan shi ma a'a ne, sa hannu kawai ya rasa.

Na rubuta e da biro. Na sa shekara da wata da abin da ya faɗa, kalma da kalma. Ban bi ta hannun Desmond ba, na sa adireshin hukuma na jefa a akwatin gidan waya da kaina kafin in hau bas, don kada in sake shawara.

Cokali biyar jiya. Na riƙe hannunsa, zoben yana juyawa a yatsa. Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan: ina jin tsoro.

Talata, 4 ga Afrilu

Labari ya iso gari. Wanda yake ba ƙungiya shawara kan shari'a ya ce da takardata a ciki maganar ta yi rauni ƙwarai, gara a dakata. An dakata.

Desmond ya tare ni a bakin kanti. Ya ce shekara ashirin yana ƙwato turbobi daga hannun manoma masu taurin kai, bai taɓa ganin wadda ladabi ya kashe ba sai wannan. Ya ce da na shiga gonar mutane kai tsaye kamar kowane mara kunya, da yanzu muna da hanya. Kuma haka ne.

A cikin kanti hira ta mutu da na shiga. Audrey ce kaɗai ta zo da yamma, ta kawo mini kek, ta ce ita dai ba ta gane ba amma ba ta yi fushi ba. Ita abin da take kewa shi ne zama a bakin rafin tsakiyar gonar, inda take zuwa kullum tun rasuwar mijinta.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Na je.

Ta babbar hanyar gona na bi, ta gaba, kowa yana gani. Rigar kirki ma na sa, don wauta. Ba kowa a gidan. Na sami Gillian a rumfar tumaki a durƙushe, hannunta har gwiwa a cikin wata tunkiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in riƙe mata kan. Na riƙe. Ni da rigar coci a cikin ciyawa da kashin tumaki, tunkiya tana yi mini nishi a cinya. Ɗan ya fito da rai. Ta share masa hanci da tsinken ciyawa har ya yi atishawa, ta tura shi gaban uwar.

Sai ta zauna a ƙasa ta dube ni.

Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, “Gillian, roƙo na zo.” Na gaya mata zancen sha biyu, da cokali, da bel. Ashe ba ta sani ba. Ta ɗauka motsa jiki nake zuwa yi kamar sauran. Wata guda ina yi mata kallon azzaluma, ita kuwa ba wanda ya taɓa gaya mata.

Ta daɗe tana goge hannu a wando. Ta ce ta ji abin da na rubuta, kuma ba ta san da maganar ba, babanta bai taɓa faɗa ba. Ta ce da a'a na rubuta, da ba ta da abin da za ta kare kanta da shi.

“Me ya sa ba ki zo tun ranar farko ba, Misis Oddie?”

Na ce girman kai. Ta ce ai ta ji labarinsa.

Ta shiga gida ta fito da mabuɗi a ɗaure da igiyar dami shuɗiya. Ta ce nawa ne ni kaɗai. In buɗe, in shige, in kulle, haka ma a ƙofar can ta ɓangaren Hindthorpe. Ban da kowa, ko wane ne, don in aka ga mutum biyu gobe goma ne, jibi kuma kare. In ta ji an wuce haka za ta canza kwaɗo, kuma ba za mu sake maganar ba.

Na buɗe baki in ce su Audrey fa. Allah ya sani na buɗe. Sai na tuna gobe Juma'a, ba bas. Na rufe bakina na ce na gode.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Sha biyu saura minti goma ina bakin gadonsa. Ya cinye, har ya lashe cokali.

Laraba, 19 ga Afrilu

Bel ya koma hudarsa ta da. Ma'aikatan suna ta yaba wa sabon mai dafa abinci. Na ƙyale su.

Mabuɗin a cikin safar hannu nake sa shi, ban gaya wa kowa ba. Nakan fita ta bayan gida. Ba ɓoyewa nake yi ba, ta nan ya fi kusa.

Yau ina cire sarƙa sai na ji sanda a bayana. Audrey. Ta dubi kwaɗon, ta dubi hannuna, fuskarta ta washe kamar yarinya. Ta ce, “Ashe an buɗe! Riƙe mini, Thelma, ga ni nan.” Tana ta sauri da ƙafafun nan nata.

Na shige na jawo ƙofar. Na ce mata ba a buɗe ba, aro aka ba ni, kuma ba nawa ba ne da zan bayar. Ta tsaya. Ta ce bakin rafi kawai za ta zauna, ita da ko kare ba ta da shi. Na ce na sani. Ina faɗa ina zagaya sarƙar.

Ta bi hannuna da kallo. Da ta yi mini gorin jawabina na ɗakin taro da ya fi mini sauƙi.

Na danna kwaɗon, na ja shi sau biyu in tabbatar ya kama. Sau ɗaya ma ya isa, ban san abin da ya sa na ƙara ba. Ban waiwaya ba sai da na kai rafi, lokacin ta tafi.

Ciyawa ta fara rufe turbar, sawuna ne kaɗai a cikin taɓo. 'Ya'yan tumakin sun daina guduna. Na ƙirga talatin da huɗu a filin ƙasa, ɗaya yana ɗingishi, zan gaya wa Gillian. Tafiyar ta fi daɗi yanzu da ba kowa, amma wannan maganar a littafin nan za ta tsaya.

Clifford ya ci duka, ya nemi ƙari.